Yadda Aka Rubuta Sunanmu a Littafin Birnin Mitaka

Kwana 14 doka ta ba ni. Duk wanda ya sauya gida a Japan, ɗan ƙasa ne ko baƙo, wajibi ne ya kai kansa ofishin birnin da ya koma kafin kwanakin nan su cika. Mu mun tare a Mitaka, wani birni a lardin Tokiyo, a ƙarshen watan Maris na 2023, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara uku, bayan na kammala karatu a Tsukuba na samu aiki a wani kamfani kusa da Shinjuku. Cike takardun bai wuce rabin yini ba, amma abin da ya biyo bayansu sai da ya kai ni fiye da shekara, kuma shi nake so in ba da labari tun daga tushe.

Ba ka shiga littafin wani birni sai ka fita daga na wani. Saboda haka kafin mu ɗaure kaya na je ofishin birnin Tsukuba na yi sallama a rubuce, suka ba ni takardar shaidar fita, wadda suke kira tenshutsu shomeisho. Na kuma je gidan waya na cike wani ɗan kati, domin duk wasiƙar da ta je tsohon gida a juyo ta zuwa sabo har tsawon shekara guda, kyauta. Neman gidan kansa ba zan daɗe a kansa ba. Dillalai biyu sun buga wa masu gida waya a gabana, da aka ce baƙi ne daga Afirka sai aka ce a ba mu haƙuri. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Na uku ne ya karɓe mu, a wani ƙaramin bene mai gida takwas a unguwar Shimorenjaku, bayan na biya kuɗin ajiya, da kuɗin godiya ga mai gida da ake kira reikin wanda ba ya dawowa, da kuɗin kamfanin da zai tsaya mana lamuni.

Mitaka tana yamma da tsakiyar Tokiyo, tafiyar kamar minti 20 daga Shinjuku a jirgin ƙasa na layin Chuo. Birni ce mai cin gashin kanta a cikin lardin Tokiyo, da magajin garinta da majalisarta da kasafin kuɗinta. Faɗinta murabba'in kilomita 16.42 ne kacal, mutanenta kuwa kimanin 190,000. Gabas ta yi iyaka da Suginami da Setagaya, arewa da Musashino, yamma da Koganei, kudu da Chofu. Idan kana tafe a ƙasa ba abin da zai nuna maka ka bar wani birni ka shiga wani, gida ne ke bin gida. Tashar jirgin ma da ke ɗauke da sunan Mitaka a kan iyaka take zaune: ka fita ta ƙofar arewa ka faɗa Musashino, ka fita ta kudu ka shiga Mitaka. Abin da ya raba su wata tsohuwar magudanar ruwa ce da ta ratsa ta ƙarƙashin tashar. Zan dawo kanta.

Ofishin birnin ba kusa da tasha yake ba, sai ka hau bas ka yi kudu zuwa unguwar Nozaki. Na je da safe, amma na tarar da falon cike, domin ranar 1 ga Afrilu ake buɗe shekarar aiki da ta makaranta a Japan, masu ƙaura da yawa a wannan tsakanin suke yi. Wata ma'aikaciya da ke tsaye bakin ƙofa ta tambaye ni abin da ya kawo ni, ta latsa min na'ura ta fito da lamba, ta nuna min teburin cike takarda. A kan teburin akwai biro ɗaure da zare, da samfurin takardar da aka riga aka cike don a kwaikwaya, da tabarau na karatu da aka ajiye saboda tsofaffi. Wurin kwanan wata na tsaya, domin ba 2023 ake rubutawa ba, Reiwa 5 ne, wato shekara ta biyar ta sarautar sarki mai ci. Sai gurbin setainushi, wato maigida, sannan kowa da dangantakarsa da shi. Na rubuta sunana, na sa maiɗakina a matsayin mata, 'yarmu a matsayin ɗiya. Adireshin ma sai da na natsu, tun da yawancin titunan Japan ba su da suna. Unguwa ake rubutawa, sai lambar yanki, sai lambar rukunin gidaje, sai ta gida. Na ofishin birnin kansa shi ne Nozaki 1-1-1.

Da lambata ta fito a allo na miƙa takardar Tsukuba da katunan zamanmu guda uku. Wannan kati shi ne shaidar kowane baƙo mai dogon zama, kuma dole babba ya riƙa yawo da shi. Ma'aikacin ya bi sunayenmu harafi bayan harafi da bakin biro, ya tambaye ni yadda ake furta na 'yarmu, ya maimaita har sau biyu. Bayan kamar minti 40 aka dawo min da katunan, an buga sabon adireshi a bayan kowanne da hatimin birni. Aka gyara adireshin katin lambar nan mai alƙaluma 12 da kowane mazaunin ƙasar yake da ita. Daga nan aka ba ni wata takarda mai jerin tagogin da zan bi. Tagar inshorar lafiya ta sa mu a tsarin birni na 'yan kwanakin da suka rage kafin in fara aiki, aka ce in dawo in soke da zarar na kamfani ya fito. A ƙarƙashin tsarin, babba kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti yake biya. Tagar yara ta karɓi buƙatar tallafin da ake ba iyaye, wanda ake so a nema cikin kwana 15 da ƙaura, sannan ta shirya wa 'yarmu katin da ke ɗauke kuɗin maganin yaran da ba su shiga firamare ba.

Ina cikin bas ina komawa na lura da abin da ba a tambaye ni ba. Babu wanda ya ce ina aka haifi kakana. Ni da na taɓa yin tafiyar yini guda daga garin da aka haife ni zuwa ƙaramar hukumar da mahaifina ya baro tun yana saurayi, don kawai in karɓo takardar shaidar asali, wannan ya tsaya min a rai. Ba wai Japanawa ba su da littafin asali ba ne. Suna da shi, koseki ake ce masa, kuma baƙo ba ya da nasa. Amma makaranta da asibiti da tallafi da haraji duk littafin mazauna suke bi, kuma tun watan Yulin 2012 aka haɗa baƙi da 'yan ƙasa a littafi ɗaya. Inda kake kwana nan ne birninka.

Tare da katunan an haɗo ni da wata jaka. A cikinta akwai littafin jagoran mazauna, da taswirar wuraren haɗari, da kalandar shara. Na ajiye ta a kan firij ban buɗe ba, domin hankalina yana kan gaisuwar maƙwabta. Al'adarsu ce sabon zuwa ya bi ƙofofin da ke kusa da shi da 'yar kyauta. Muka sayi ƙananan tawul a naɗe, muka ƙwanƙwasa gida biyar. Biyu ba su buɗe ba, muka rataye musu a hannun ƙofa. A ƙasa da mu wata tsohuwa ce mai zaman kanta ta buɗe, ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya ta kalli 'yarmu ta tambayi shekarunta.

Ita ce ta hau mana bene bayan mako guda. Na dawo daga aiki na ga ledar shararmu ita kaɗai a wurin ajiya, masu kwasa sun tafi sun bar ta, an manna mata takarda. Ragowar ledojin Tsukuba muka yi amfani da su, kuma akwai gwangwanin tumatir guda biyu a ciki. Maiɗakina ta ce, "Malam, tun safe nake leƙa ta ta taga, na rasa yadda zan yi da ita." Ba mu gama magana ba aka danna ƙararrawa. Tsohuwar ce, riƙe da ledar birni guda ɗaya da tata kalandar, wadda duk ta sha alama da jan biro. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi kamar ba a yi komai ba. Ta kira maiɗakina okusan, wato uwargida, ta zauna a dakalin cire takalma ta shimfiɗa kalandar a cinya. Mai ƙonuwa da marar ƙonuwa, in ji ta, a ledar birni kaɗai ake fitarwa, kuma saye ake yi a kanti. Roba ranarta daban, sai an ɗauraye ta. Gorar ruwa a cire murfi da takardar jikinta. Kwalba da gwangwani daban, jarida da kwali a ɗaure da igiya, batir a keɓe, babban kaya irin katifa sai an nemi rana an biya. Duka kafin ƙarfe 8 na safe. Ta sauka da mu muka zazzage ledar muka sake rarrabawa, ita ce ma ta riƙe mana bakin sabuwar.

Na ji nauyi ƙwarai a ranar. Amma daga baya da na fahimci dalilin tsananin, sai na daina ganinsa a matsayin tsirfa. Gundumomi 23 na tsakiyar Tokiyo suna da bakin teku inda suke cike abin da ya rage na shararsu. Biranen yamma, yankin da ake kira Tama, ba su da teku. Tokar da ta fito daga ƙona shararsu wani ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, Hinode, yake karɓa, kuma rami in ya cika ya cika. Tun 2006 ake mayar da tokar siminti don ramin ya ƙara kwana. Mitaka ta fara sayar da ledar shara a watan Oktoban 2009, don mai yawan zubarwa ya fi biya. Wurin ƙona sharar kuwa, Clean Plaza Fujimi, wanda Mitaka da Chofu suka haɗa hannu suka buɗe a 2013, yana daf da ofishin birnin, dogon bututunsa na kallon tagogin ma'aikata. Wannan ya burge ni fiye da komai. Ba a kai shi bayan gidan marasa galihu ba, an dasa shi inda masu yanke shawara za su fara shaƙa in ya yi wari. Wutar lantarki da zafin da yake samarwa kuma suna zuwa babbar cibiyar wasanni da shirin ko-ta-kwana da birnin ya buɗe a gefensa a 2017.

Ta hannun tsohuwar nan na san shugaban ƙungiyar unguwa. Chokai suke kiran ƙungiyar. Ba hukuma ba ce, ba dole ba ce, kuma shugaban ba mai unguwa ba ne irin namu, domin ba sarauta yake riƙe da ita ba, maƙwabta ne suka ɗora masa. Dattijo ne da ya haura 70, kowa kaicho-san yake ce masa, ni ma haka na bi. Ya zo da takardar shiga da ɗan littafin rasit, ya faɗa min gaskiya cewa 'yan haya ba su cika shiga ba, matasa ma suna ja da baya, masu aikin duk sun tsufa. Kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba. Na biya, ya rubuta sunana da haruffan katakana da suke rubuta sunayen waje. Tun daga nan kairanban ya fara zuwa mana. Wani faifan kwali ne mai maƙale da sanarwoyi: ranar share titi, gargaɗin 'yan sanda kan masu damfarar tsofaffi ta waya, bikin bazara, rasuwar wani. A samansa akwai jerin gidaje. Ka karanta, ka sa hatimi ko hannu a gaban sunanka, ka kai wa na gaba. Na gabanmu ita ce tsohuwar da ke ƙasa da mu, kuma ba na jefa mata a akwatin wasiƙa, hannu da hannu nake ba ta, don in ga lafiyarta.

Wata Asabar muna tsintar shara a bakin titin Renjaku, na tambayi dattijon me ya sa lungunan unguwarmu suke dogaye, miƙaƙƙu, ga ƙunci, kamar an ja su da zare. Ya jingina tsintsiyarsa ya ce iyakokin gonaki ne. A 1657 wata gagarumar gobara ta cinye mafi yawan Edo, wato Tokiyo ta yanzu. Da aka zo sake gini, gwamnatin shogun, wato shugaban sojan da ke riƙe da mulkin ƙasar a lokacin, ta share wasu unguwanni don a bar fili da zai tare wuta nan gaba. Cikin waɗanda aka tasa har da mutanen Renjaku-cho ta yankin Kanda. Renjaku sunan maɗaurin da 'yan koli ke goya kayansu da shi a baya ne, unguwar ta samo sunanta daga sana'ar. Aka kawo su wannan tudu da ba kowa sai ciyawa, aka yanka wa kowane gida fili siriri mai tsawo, gida a bakin hanya, gona a bayansa, kurmi a can ƙarshe. 'Yan birni suka zama manoma, suka sa wa sabon wurin sunan tsohuwar unguwarsu. Kichijoji da ke maƙwabtaka ma haka ta samu, daga mutanen da wuta ta raba da muhallinsu. Ya ce min, shi kansa mahaifinsa daga arewacin ƙasar ya zo aikin masana'anta.

Na riƙe wannan magana, na kuma bi sawunta. Ƙasar nan kafin zuwan su wurin farautar masu mulki ce da shaho, daga nan sunan ya fito: Mitaka, shaho uku. A 1889 aka haɗa ƙauyukan yankin suka zama ƙauye ɗaya mai wannan suna. Cibiyar nazarin taurari ta ƙasa ta baro tsakiyar Tokiyo ta dawo nan a 1924, tana neman duhun dare da fili. An buɗe tashar jirgi a 1930. Sai masana'antun yaƙi suka biyo baya, musamman kamfanin jiragen sama na Nakajima, wanda babbar masana'antar injinansa ke Musashino, cibiyar bincikensa kuma a Osawa cikin Mitaka. Ma'aikata suka kwararo, ƙauye ya zama gari a 1940, bama-baman Amurka ma suka biyo masana'antun daga ƙarshen 1944. Bayan yaƙi filin cibiyar binciken ya zama jami'ar ICU, wato International Christian University, wadda ta buɗe a 1953. Ranar 3 ga Nuwamban 1950 Mitaka ta zama birni, mutanenta ba su kai 60,000 ba. Cikin shekaru kaɗan suka ninka, suka sake ƙaruwa, yawancinsu masu kwana a nan su yi aiki a cikin Tokiyo. Ashe garin baƙi ne tun fil azal, kowane zamani da irin nasa.

Taswirar haɗarin da na yi watsi da ita a kan firij ita ta koya min ƙasar. Na ɗauke ta wata Lahadi na hau keke. Yawancin birnin fari ne a taswirar, domin a kan tudun Musashino yake, shimfiɗaɗɗe, mai jar ƙasa da ta samo asali daga tokar duwatsu masu aman wuta. Ruwa yana nisa a irin wannan ƙasa, shi ya sa ta daɗe ba a zaune ta ba. Launi yana bin bakin ƙoramu ne, Senkawa da Nogawa, inda ambaliya kan iya shiga. Na fara da arewa, na bi magudanar nan ta ƙarƙashin tasha, Tamagawa Josui. A 1653 aka haƙa ta da hannu, kusan kilomita 43 daga Hamura zuwa Yotsuya, don kai wa Edo ruwan sha daga kogin Tama. Gangarenta duka bai kai mita 100 ba a wannan tsawo, kuma wasu 'yan'uwa biyu ne suka jagoranci aikin, aka saka musu da sunan Tamagawa. Yau rami ne mai zurfi da bishiyoyi suka rufe, ruwan da ke gudana a wannan ɓangaren kuwa tataccen ruwan da aka yi amfani da shi ne, wanda aka sako tun 1986 bayan ta yi shekaru a bushe. Ta kai ni lambun Inokashira, wanda aka buɗe a 1917, tafkinsa shi ne mafarin kogin Kanda.

Daga nan na yi kudu maso yamma zuwa Osawa. Kwatsam sai hanya ta sulale ƙasa, birki ya kama aiki. Nan tudun ya yanke, ya zama gangare mai kurmi da mutanen wurin ke kira hake. A gindinsa ruwa na tsattsafowa daga cikin ƙasa yana zuba a Nogawa. Na tsaya na sa hannu, sanyi ƙarara a tsakiyar zafin Yuli. Akwai 'yar fadamar shinkafa, da tsohon injin niƙa mai juyawa da ruwa da aka adana. A hanyar dawowa na wuce gonakin kiwi da na kayan miya a tsakanin gidaje, da 'yan rumfunan da manomi ke jera kayansa ya ajiye akwatin kuɗi ya tafi.

Garin da ya cika da mutanen da ba su san juna ba, ba ya haɗuwa da kansa, sai an gina masa abin haɗuwa. Wannan shi ne abin da na ga Mitaka ta yi da gangan. Magajin garin da ya riƙe ta daga 1955 zuwa 1975, Suzuki Heizaburo, likita ne, kuma ya sa magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa a gaba da komai. A 1973 Mitaka ta zama birni na farko a Japan da wannan magudana ta game ko'ina. Daga nan aka raba birnin gida bakwai, kowane yanki da cibiyar jama'arsa. Ta farko ta buɗe a Osawa a 1974. Birni ne ke gina cibiyar ya ba da kuɗi, amma majalisar mazauna ta 'yan sa-kai ce ke tafiyar da ita. Tamu ta Renjaku nan maiɗakina ta fara kai 'yarmu wasa, nan kuma ta samu labarin azuzuwan koyon Japananci na ƙungiyar MISHOP mai kula da baƙi.

Da kaka ta shigo, kairanban ya kawo sanarwar atisayen bala'i. Ranar 1 ga Satumba ita ce ranar shirin bala'i a duk ƙasar, don tunawa da girgizar ƙasar 1923 da ta hallaka fiye da mutum 100,000 a Tokiyo da kewaye, kuma daga nan atisaye ke bin yankuna. Namu a filin wata makarantar firamare aka yi, ita ce mafakarmu in abu ya faru. Muka taru a bakin lungu, kaicho-san na riƙe da tuta, aka kira suna gida-gida, muka taka a ƙasa zuwa can. 'Yan kwana-kwana suka koya mana tukunyar kashe gobara: zare fil, saita bakin tiyo a gindin wutar, matsa. Kafin ka matsa sai ka ɗaga murya ka ce "Kaji da!", wato gobara, don maƙwabta su ji. Muka ratsa tantin da aka cika da hayaƙi a durƙushe, hanci a toshe da hankici. Aka buɗe rumbun ajiyar makarantar muka ga barguna, da ruwa, da masai na tafi-da-gidanka, da buhunan busasshiyar shinkafa da ruwa kawai ake zuba mata ta tashi.

A ƙarshe matan unguwa suka raba miya mai zafi daga wata babbar tukunya. Na tambaya, aka ce da naman alade. Na yi godiya na ce mu Musulmi ne, ba ma ci. Matar da ke rabawa ta tsaya da ludayi a hannu, ta ba da haƙuri, ta kira kaicho-san. Na zaci za a bar maganar nan. Sai dattijon ya ciro ɗan littafinsa ya ce in faɗa masa dalla-dalla abin da ba ma ci, domin ranar da ƙasa ta girgiza ba za a samu lokacin tambaya ba. Na lissafa masa alade da duk abin da aka sarrafa da shi, da giya ko da ta girki ce. Muka koma rumbu tare muka duba buhunan shinkafar, muka ware farar da ba a haɗa ta da komai ba. Ya rubuta. Kafin mu watse ya tambaye ni ko zan yarda a sa ni cikin masu leƙa tsofaffi in an yi girgiza, tun da ni ne mafi ƙuruciya a benenmu. Na ce na yarda. Gida biyu aka ba ni, ɗaya na tsohuwar ƙasa.

Akwai ƙofar da ba ta buɗe ba, kuma adalci ne in faɗe ta. Wata guda da tarewarmu, a Afrilun 2023, aka yi zaɓen magajin gari da na majalisar birni. Allunan hotunan 'yan takara suka tsaya a bakin tituna, motoci masu lasifika suka yi ta zagaye, magajin gari Kawamura Takashi ya sake lashe kujerarsa. Takardar kiran zaɓe ba ta zuwa gidan baƙo, ko ya shekara 30 a gari, domin ƙuri'a ta 'yan ƙasa ce kaɗai. A Musashino, tsallaken magudanar, an kai ƙudurin da zai ba baƙi damar shiga ƙuri'ar jin ra'ayin mazauna, majalisar birnin ta ƙi shi a Disamban 2021 bayan zazzafar muhawara. Dokar tushe ta mulkin Mitaka, wadda ta fara aiki a 2006, ta ɗauki duk mai zama ko aiki ko karatu a birnin a matsayin ɗan birni, kuma hakan ya ba ni damar zuwa taro in yi magana. Ina zuwa, ina yi. Amma na san bambancin a saurare ka da a ƙirga ka, kuma ina fata wata rana a sake duba batun, aƙalla a matakin birni.

Haraji kam ba ya tambayar fasfo. Harajin mazauna kusan kashi 10 cikin 100 ne na abin da ka samu a shekarar da ta gabata, kashi 6 na birni, 4 na lardi, kuma birnin da kake zaune a cikinsa ranar 1 ga Janairu shi ke karɓa. Saboda haka shekarar farko duka, muna hawa titin Mitaka, ana kwashe mana shara, 'yarmu na ganin likita da katin birnin, amma ɗan abin da aka yanka min na aikin wucin gadin da na yi ina ɗalibi Tsukuba ya tafi. Sai a watan Yunin 2024 ofishin kamfaninmu ya miƙo min wata siririyar takarda mai nuna abin da za a riƙa cira daga albashina kowane wata har Mayu mai zuwa, da sunan magajin garin Mitaka a jikinta. Na kawo ta gida na nuna wa maiɗakina, ta duba adadin ta ce, "Malam, da nauyi." Na ce da nauyi kam. Ta ɗauki maganaɗisu ta manna ta a jikin firij, kusa da kalandar shara, sannan ta miƙo min kairanban da ya iso tun rana, na sa hannu na sauka da shi ƙasa.